Tsere da Agogo: Gudun Yada Ƙanin Wani a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ranka ya daɗe uban taro, iyayena da malamaina, 'yan'uwan da suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan.

Ni ba zakaran gudu ba ne. Malamin makaranta ne ni, na haura shekara arba'in, kuma abin da ya fara fitar da ni titi shi ne wata rana da likita ya auna jinina ya ce ya hau, ya ce ko in motsa jiki ko in shirya zama da magani. Da wannan matsayi zan yi magana, matsayin mutumin da yake da aiki da iyali, yake satar awa ɗaya bayan sallar Asuba ya ba ƙafafunsa.

Safiyar farko da na fita, ban kai bakin gari ba na gamu da wani dattijo yana kora jakinsa zuwa gona. Da ya hango ni ina haki sai ya ja ya tsaya, ya ɗaga sanda, ya leƙa bayana, sannan ya ce, "Malam, lahiya? Wa ab biyo ka?" Da gaske yake tambaya, kuma a shirye yake ya tare mini. A ƙasarmu ba a ganin magidanci da gudu sai da dalili: gobara, ko ɓarawo, ko sa ya tsinke igiya. Na ce masa, "Baba, lafiya lau, ba kowa." Ya yi shiru, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Shekaru ke nan ina juya tambayarsa a raina, kuma laccar yau amsarta ce. Akwai wanda yake bina, akwai kuma wanda nake bi, duka mutum ɗaya ne: ni ɗin da na yi wannan hanya a watan jiya, da lokacin da agogo ya rubuta mini.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Abin da gidajen rediyo suke kira gudun yada ƙanin wani, ko gudun famfalaki, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. In kuna son ku ji nauyinsa a jikinku, ku ƙiyasta tashi daga nan Tambuwal a ƙafa zuwa Jega. Abin bai yi nisa da haka ba. Sunansa na Turai, maraton, daga wani gari ne a ƙasar Girka, inda ake ba da labarin wani manzo da ya sheƙo da gudu zuwa birnin Atina da albishirin nasarar yaƙi, ya faɗa, ya faɗi ya cika. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896 sai aka sa wannan tsere don tunawa da shi. Waɗancan mita 195 da suka maƙale a wutsiya kuwa, daga Landan suka samo asali a 1908, inda aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa filin wasa, daga baya a 1921 aka tsayar da wannan tsawo ya zama doka ga kowa. A wannan tseren na 1908 ne wani ɗan Italiya, Dorando Pietri, ya shigo fili shi ne kan gaba, amma ƙarfinsa ya ƙare, ya yi ta faɗuwa ana ɗaga shi, har aka riƙe shi ya ƙetare layi. Aka ƙwace nasarar saboda an taimaka masa. Ku riƙe hotonsa a zuciya, zan dawo kansa, domin irin wannan faɗuwa ta same ni.

Wani zai ce wannan al'adar Nasara ce, me ya haɗa mu da ita? Malamaina da ke zaune a gaba sun fi ni sanin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu: ta tsere masa a karon farko, bayan shekaru da ta yi jiki ya tsere mata. Sun san labarin Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya bi mahayan da suka kore raƙuman Annabi, shi kaɗai, a ƙasa, yana gudu yana harbi har ya ƙwato su, kuma a hanyar komawa Madina ya nemi izini ya yi tsere da wani mutumin Ansar ya riga shi. Alhazanmu ma sun san sassarfa tsakanin korayen fitilun Safa da Marwa. Wanda ya gama sa'ayi ya taka sama da kilomita uku.

Mu dawo gida. Yaron da yake bin shanu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, matar da take ɗauko ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwa ta koma, maharbin da yake kwana yana bin sawu, ɗan langa da yake tsalle da ƙafa ɗaya har ya kai sha, duk juriya ce irin wadda masu horar da 'yan gudu suke nema ruwa a jallo. Kakanninmu fatake da ƙafa suka je Gwanja suka dawo da goro. Ƙafar tana nan, huhun yana nan. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu auna hanya, mu riƙe agogo, mu rubuta.

To me ya sa in an yi babban tsere a ƙasar nan baƙi suke kwashe kuɗin? Tun da aka fara tseren birnin Legas a watan Fabrairun 2016, wanda ɗan Kenya Abraham Kiptum ya lashe, kusan kullum 'yan Kenya da Habasha ne a gaba. Haka abin yake a tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo. Lokaci mafi kyau da aka rubuta wa ɗan Nijeriya, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, Abbas Mohammed ne ya kafa shi a Legas a 1990, ya kuma shafe sama da shekara talatin ba wanda ya taɓa shi. A cikin gida kuwa, 'yan Jihar Filato ne suka fi yin fice, kuma akwai dalili. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya suke taruwa, ya kai mita 2,400. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu, in mutum ya sauko ƙasa sai ya ji kamar an ƙara masa huhu. Mu nan ƙasar Sakkwato a kwance muke, 'yan ɗaruruwan mita kawai, ga rana. Tudu ba a sayensa a kasuwa.

Ina faɗin wannan ne don kada yaro ya fito da burin da zai karya masa zuciya a wata na biyu. Eliud Kipchoge ya gama maraton a Balin a 2022 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Ma'anarsa kowace kilomita a ƙasa da minti uku, sau arba'in da biyu a jere. Marigayi Kelvin Kiptum ya rage wannan zuwa awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023. Cikin dubban da suke tsayawa a bakin layi a irin waɗannan birane, waɗanda suka zo neman kofi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran duk, malamai da direbobi da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa, kowa da lambar da ya zo da ita a zuciyarsa, lokacinsa mafi kyau na baya, ita ya zo ya karya. Wannan tseren ne namu, kuma babu mai iya ƙwace mana shi.

Sai dai tsere da kai yana da sharaɗi, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na ga ana yawan zamewa. Dole awon ya zama na gaskiya. Ga littafina, irin na ɗalibai mai shafi tamanin. Wannan shi ne na shida. Kowace safiya ina rubuta kwanan wata, da hanyar da na bi, da nisa, da lokaci, da yadda gari ya wayi, da abin da na ci daren jiya, da inda ya yi mini ciwo. Shafin farko na littafin farko ya ce kilomita 10 cikin awa 1 da minti 8, tare da tsayawa sau uku. Bayan shekara biyu sai na ga minti 47 a agogo. Na yi murna ƙwarai, na gaya wa kowa a ɗakin malamai. Da mitar babur ɗin wani ɗan kabu-kabu na auna wannan hanya tun farko. Wata rana wani ɗalibina ya zo da waya mai auna tafiya ta tauraron ɗan'adam, muka bi hanyar tare sau biyu, sai ga shi ta gaza kilomita 10 da kusan rabin kilomita. Na koma gida na ɗauki jan biro na soke lambar, na soke duk 'yan'uwanta na shekara biyu. Abin ya yi mini zafi. Da na ƙara tsawon hanyar na sake gwadawa, minti 50 da 'yan daƙiƙoƙi na samu, kuma sai da na ƙara wata takwas kafin na ga 49. Wannan 49 ɗin na fi ƙaunarta a kan waccan 47, domin na san tawa ce.

Masu shirya manyan tsere sun ɗauki wannan magana da nauyin da zai ba ku mamaki. Ba su yarda da mitar mota ba, ba su ma yarda da waya ba. Keke suke ɗauka, su ɗaura masa 'yar na'ura mai ƙirga juyin taya, su fara gwada shi a kan miƙaƙƙiyar hanya da aka auna da tef na ƙarfe, sannan su bi hanyar tseren ta mafi gajartar layin da ɗan gudu zai iya bi, suna yanke kowace kwana. Bayan sun gama sai su ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita, don kada kuskure ya sa hanya ta gaza. Wato a maraton akwai gyara ta mita 42, irin gyaran da mai awon kirki yake ɗorawa a kan mudu. Mu da muka tashi ana karanta mana abin da aka tanadar wa masu tauye awo, bai kamata a koya mana wannan daga waje ba.

Yanzu horon kansa. Kuskuren da kusan kowane saurayi yake yi shi ne ya fito ranar farko ya zuba da gudu kamar an saki ɗan maraƙi, ya yi kwana uku, ƙwauri ya kumbura, ya ajiye takalmi. Mafi yawan gudun mai neman nisa a hankali ake yinsa, kusan kashi huɗu cikin biyar. Ma'auninsa mai sauƙi ne: in kana tafe da abokinka kuna iya hira, jimla tana fita ba ta yankewa, to kana daidai. In magana ta gagara, ka wuce. Wannan sassarfar da samari suke rainawa ita take ƙarfafa zuciya, ta yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ta koya wa jiki ƙona kitse. Kuma akwai abin da ba a gani: zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara da gwiwa sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa mutum yake jin zai iya ƙarawa alhali ƙafarsa ba ta shirya ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada abin da ka yi a wannan mako ya ɗara na makon jiya da fiye da kashi ɗaya cikin goma. Sau ɗaya a mako a yi doguwar tafiya, ana ƙara mata kaɗan-kaɗan har ta kai kilomita 30 ko 32. Sau ɗaya a mako a yi na sauri: kilomita ɗaya da ƙarfi, a huta minti biyu, a sake, sau biyar ko shida. Kwana ɗaya ko biyu kuma a zauna a gida, domin a cikin hutun ne jiki yake ɗinke abin da gudu ya farke.

Duk wannan za ku iya samunsa a ko'ina. Abin da littattafan Turai ba za su gaya muku ba shi ne yadda ake yi da shekararmu. Manomi ba ya shuka gero a bazara don ya ji wani a wata ƙasa yana shuka. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, ɗan gudu ya rage nisa, ya manta da agogo, ya gama kafin rana ta ɗaga. Neman sabon lokaci a bazara ganganci ne. Da damina iska tana sanyi amma tana da laima, burji yana laushi, shi ne lokacin tara nisa a hankali, tsakanin gonaki, in noma ya bar wa mutum ƙarfi. Wanda ya wuni yana huɗa kuwa ya riga ya yi atisayensa. Da kaka a fara ƙara sauri. Sannan hunturu ya zo, Disamba da Janairu, safiya mai sanyi da bushewa, ƙafa ba nauyi, gumi yana bushewa tun bai sauko ba. Duk lokutana mafiya kyau a waɗannan watanni biyu na same su. Sai dai ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin bishiyar da ke gaba, a haƙura; ƙurar nan tana sauka a ƙirji, musamman ga mai asma.

Wannan hunturun mai daɗi shi ya yaudare ni a karon farko da na je Legas. A watan Fabrairu ake tseren. Na yi wata huɗu ina shiri a sanyin nan namu, na lissafa cewa zan gama cikin awa 4, wato kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41. Na rubuta lambar a bayan hannuna da biro. Muka tashi daga babban filin wasa na Surulere gari bai gama wayewa ba, amma tun ina tsaye rigata ta jiƙe. Iskar bakin teku cike take da ruwa, gumi yana fita amma ba ya bushewa, in kuwa bai bushe ba jiki ba ya hucewa. Ban kula ba. Ga kiɗa, ga jama'a, ga doguwar gadar nan ta uku a kan ruwa, na ji ƙafata kamar ba tawa ba, na yi kilomita goman farko da sauri fiye da yadda na tsara. Ina ganin riba nake tarawa.

A wajen kilomita 31 abin da ya sami Dorando Pietri ya zo mini. Ba ciwo ba ne irin wanda na sani. Kamar an zare wani abu ne daga cinyoyina, ina ba ƙafa umarni tana ƙin ji. Sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau. Biron da ke hannuna ya narke da gumi, lambar ta zama baƙin tabo. Na koma tafiya, daga baya na zauna a gefen titi, ina kallon mutanen da na wuce awa biyu da suka shige, cikinsu har da wata dattijuwa da take sassarfarta ɗaya tun farko, suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya mai raba ruwa ta durƙusa ta zuba mini a ka, ta miƙo mini ayaba. Na tashi na ƙarasa cikin awa 5 da minti 12.

Abin da ya faru yana da bayani. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kuma wannan rumbu ba ya wuce abin da zai kai mutum kilomita talatin da 'yan kai. In ka fara da sauri, daga rumbun kake ɗiba da babban mudu. In ya ƙare sai jiki ya koma kan kitse kaɗai, shi kuwa kitse wutarsa a hankali take ci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganinsa abu uku ne da na koya da wuya: a fara a hankali fiye da yadda zuciya take so, a riƙa cin wani abu a hanya tun kafin a ji yunwa, kuma a rage buri gwargwadon zafin ranar. Ni dabino nake ɗaurawa a leda a ƙugu, uku ko huɗu duk bayan minti arba'in, wani lokaci da ɗan gutsuren mazarƙwaila. Mako biyu zuwa uku kafin tsere a rage gudu sosai, a bar ƙafa ta huta, a ci tuwo da shinkafa a cika rumbu. Takalmi kuwa, ko na gwanjo ne ya wadatar in bai matse yatsu ba, amma a tabbata an daɗe ana gudu da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da na koma Legas karo na biyu, na je da kwana huɗu a hannu, na kuma yi makonni biyun ƙarshe ina fita da hantsi don jiki ya saba da zafi. Na bar jama'a suka yi gaba. Na gama cikin awa 4 da minti 26, ban tsaya ko sau ɗaya ba. Awa huɗun nan har yau tana gabana, kuma ina binta.

Maganar ruwa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan rai yake. A zafi irin namu mai gudu yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa guda. Wanda yake son ya san nasa, ya hau sikeli kafin ya fita da bayan ya dawo. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce. Gumi kuma da gishiri yake fita, shi ya sa kuke ganin farin zane a riga in ta bushe, don haka ruwa zalla bai isa ba a doguwar tafiya. Haɗin nan da iyayenmu mata suka sani na yaro mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, shi ne nake cika gorata da shi. In ka ga abokin gudunka ya fara tangaɗi, ko yana maganar da ba ta da kai, ko ya rikice bai san inda yake ba, kada ka ce masa ya daure. Ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa a jiki duka, ka yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya bari sai ya warke sarai. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ya ga likita tukuna. Kowa kuma ya yi gwajin jini na sikila, domin mai AS, ko da lafiyarsa lau, gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya zame masa haɗari.

'Ya'yana ɗalibai, ga wadda ta fi damuna. Na san akwai masu cewa in ka haɗiyi ƙwaya ba za ka gaji ba. Tramadol ba ya ƙara ƙarfi ko ƙwayar zarra. Muryar ciwo yake toshewa, ita kuwa muryar nan ita take gaya maka ka tsaya kafin agara ta tsinke ko zuciya ta gaza. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024. Hatta magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, in aka sha su aka yi dogon gudu cikin zafi suna iya taɓa ƙoda. Lokacin da aka samu da ƙwaya, ni a littafina, jan biro ne hukuncinsa.

Da azumi nakan koma 'yar sassarfa ta minti talatin bayan Asham, ko tafiya kafin a sha ruwa, ba na neman ƙari. Game da sutura, dogon wando mara nauyi ya wadatar, ban taɓa ganin ya rage wa kowa minti ba. 'Yan'uwana mata kuwa, Fatuma Roba ta Habasha ta ci zinaren maraton a Olamfik na 1996, Sifan Hassan ta ci na Faris a 2024 ta kuma hau dandamali ta karɓi lambarta da ɗankwali a kanta. Ba na cewa 'ya'yanmu su fito kan kwalta. Filin makarantar 'yan mata mai katanga, da malama mai riƙe agogo, ya isa a fara. Hawan jini da ciwon sukari ba su bar iyayenmu mata ba.

Dukanmu mun san halin tsaro da wannan yanki yake ciki, mutanen Kebbe sun fi ni sani. Kada kowa ya bi hanyar daji shi kaɗai da duhun Asuba. A fita uku ko huɗu, a tsaya kusa da gari, a faɗa a gida inda aka nufa. A babban titin Sakkwato zuwa Jega kuma, a riƙa fuskantar motoci, da riga mai haske, domin direban tirela da ya kwana yana tuƙi ba ya ganin mutum da wuri.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ba kuɗi nake nema ba. Ina neman izini da keke ɗaya da tef da gwangwanin fenti. Mu auna kilomita 5 a gefen garin nan, awo na gaskiya, mu sa alama a kowace kilomita. 'Yan'uwanmu na Kebbe su auna tasu, Dogon Daji su auna tasu. Kowace Asabar bayan sallar Asuba a taru, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya, malami ɗaya ya tsaya a bakin layi da agogo da rijista, ya rubuta sunan kowa da lokacinsa, na farko da na ƙarshe. In mun yi shekara muna haka, rijistar nan da kanta za ta nuna mana yaran da ya kamata a kai filin wasa na Giginya a Sakkwato a gwada su. In kuma Allah ya kawo zaman lafiya, sai mu tura keken nan ya auna mana hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, mu sa rana a cikin hunturu.

Dattijon nan mai jaki har yanzu muna gamuwa. Ya daina leƙa bayana. Makon jiya da na zo wucewa ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, yau ka makara." Na duba agogo, da minti shida na makara.

Rijistar tana nan a kan tebur, na ja mata layi. Wanda yake so ya rubuta sunansa kafin ya fita.